Tattara ra'ayin matasa da jin sa a Damagaram: matsalar harshe da wurin magana

0. Gabatarwa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Nijar na da mutum miliyan 17.1, kuma jahar Damagaram ce ta fi kowace jaha yawan jama'a, da mutum wajen miliyan 3.5. Kimanin rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba a lokacin. Ke nan duk wani shiri na ilimi ko lafiya ko aikin yi a kan matasa zai sauka, ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba. Doka kuwa ta ce a tambaye su: sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara (1989), wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa kan abin da ya shafe shi, ya kuma ce a yi la'akari da ra'ayin gwargwadon shekarun yaron da hankalinsa.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake tattara wannan ra'ayi, da abin da ke samun sa a hanya. Abin da muke son nunawa shi ne: ra'ayin da ke fitowa a cikin rahoto magana ce da wani ya faɗa wa wani, a wani wuri, cikin wani harshe, sa'an nan aka juya ta zuwa wani harshe. Kowane mataki yana zaɓen wasu matasa ya bar wasu, yana riƙe wata magana ya zubar da wata. Za mu duba ma'anar kalmar matashi (1), da hanyoyin da aka bi a Damagaram (2), da tafiyar magana daga tambaya zuwa rahoto (3), da bambancin tattarawa da ji (4).

1. Wane ne matashi?

Hukumomi da shekaru suke awo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki 15 zuwa 24. Yarjejeniyar matasan Afirka da aka zartar a Banjul a 2006 ta ɗauki 15 zuwa 35. Hausa kuwa da matsayi take awo, kuma babbar iyakar ita ce aure. Muna da yaro da yarinya, da saurayi da budurwa, sa'an nan magidanci da matar aure. Namiji ɗan shekara 30 da bai yi aure ba, yana gidan ubansa, yaro ne a wurin shawara, in ma ba a kira shi tuzuru ba. Mace ƴar shekara 16 da aka kai ɗakinta ta fita daga sahun ƴan mata. Kalmar matasa, wadda rediyo da ofisoshi ke sanyawa a gurbin la jeunesse, ita kaɗai ce ke ƙoƙarin haɗa su duka, amma a bakin mutane ta fi karkata ga maza.

Wannan na da tasiri kai tsaye a fagen bincike. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 sun yi aure kafin su cika 18. Idan mai bincike ya ce wa mai unguwa a Birni ko a Zango «a tara mana matasa», samari ne za su zo. Ƴan matan da suka yi aure, waɗanda a lissafin shekaru su ne mafi yawan matasa mata, suna cikin gida, kuma ba wanda ya ɗauka da su ake. Tun a 1978 Pierre Bourdieu ya ja hankali cewa kalmar jeunesse tana tara mutanen da rayuwarsu ba ɗaya ba ce. A nan ma ɗalibin jami'a da almajiri da ɗan kabu-kabu da amarya duk suna shiga ƙarƙashin suna guda.

2. Hanyoyin da aka bi a Damagaram

2.1. Samariya da wasan kara

A tsarin sarautar Damagaram magana hawa-hawa take tafiya. Talaka ba ya tunkarar Sarki kai tsaye, sai ta hannun mai unguwa ko wani bafade. Samari ma suna da bakinsu, wato sarkin samari, wanda ke shirya gayya da wasanni, ya kuma kai kukansu gaban manya. Akwai hanya ta biyu, ta wasa. A wasan kara, wanda Inoussa Ousseini ya yi fim a kansa a 1980, samarin Zinder kan ƙera kayan aiki da na ado da kara, su kwaikwayi sarakuna da manyan gwamnati a gaban jama'a. Abin da ba ya faɗuwa a zaure yana faɗuwa a dandali, domin wasa yana ba mai magana mafaka.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, ta mayar da ita tsari na ƙasa baki ɗaya, kuma ɗaya daga ginshiƙan Société de développement, tare da ƙungiyoyin gama-kai na manoma. Samariya ta gina azuzuwa, ta shuka itatuwa, ta share gari, ta yi waƙoƙi da wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa. Sai dai yawancin maganar daga sama take saukowa, da sunan faɗakarwa (sensibilisation). An tara matasa da yawa wuri guda, amma domin su saurara.

2.2. Kulob-kulob na rediyo

Ƙungiyar Radio-Clubs ta Nijar, wadda aka kafa a 1962, ta gwada wani abu dabam. Mai kula da kulob kan tara masu sauraro, a ji shiri tare, a yi muhawara cikin harshen wurin, a ɗauki muryoyi a faifai, a aika Yamai, sa'an nan a sa wasu daga cikinsu a shiri na gaba. Ba domin matasa kaɗai aka yi ta ba, amma tana da abu biyu da za mu koma kansu: maganar ba ta bi ta fassara ba, kuma mai magana yana iya jin muryarsa ta dawo masa.

2.3. Ƙungiyar ɗalibai

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasu. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga Babban Taron Ƙasa (29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991), wanda André Salifou, masanin tarihin Damagaram kuma ɗan Zinder, ya shugabanta. Ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zauna a taron da ƙuri'arta, kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyu. A nan an ji matasa ƙwarai. Amma da Faransanci aka yi muhawarar, kuma waɗanda suka yi magana da sunan matasa ƴan lakwal ne, alhali mafi yawan tsararsu ba su yi zurfi a boko ba.

2.4. Fada da palais

Da samariya ta ja baya a farkon shekarun 1990, sai fada ta yaɗu: samari na zama a ƙofar gida ko bakin titi, ana dafa shayi, ana sauraron kiɗa, ana hira har dare. Sunan daga fadar sarki aka aro shi. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, sun taimaka wajen bayyana su ta hanyar gaishe-gaishe da shirye-shiryen masu sauraro. Adeline Masquelier ta yi littafi guda kan fada a 2019, inda ta kula har da sunaye da rubuce-rubucen da samari ke yi a bango. Daga baya aka san palais, ƙungiyoyin da ake dangantawa da ɗaga ƙarfe da faɗan unguwanni, musamman a Kara-Kara.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Zinder. Bayan haka hankalin ƙungiyoyin waje ya ƙara komawa kan matasan garin. Hukumar kula da ƙaura ta duniya (OIM), alal misali, ta fitar da rahoto kan tashin hankalin matasa a Zinder. Abin lura a nan shi ne jigon tambayar daga waje ya zo. Wanda aka je tambaya kan tashin hankali, kan tashin hankali zai yi magana, ko da abin da ya fi damun sa shi ne ruwan famfo ko kuɗin aure. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder (2021) ya bi wata hanya: ƴar garin ce, ta daɗe tare da samarin Kara-Kara, ta bar su suna magana da Hausarsu.

2.5. Ƙidayar ra'ayi

Ƙidayar ra'ayi (sondage) ta samu gindin zama a Amurka da cibiyar Gallup (1935), a Faransa kuma da IFOP (1938). A Afirka, Afrobarometer ta fara a 1999, ta shigo Nijar a 2013 ta hannun cibiyar bincike ta LASDEL. Ana zaɓen mutum 1,200 a faɗin ƙasa bisa ƙa'idar dace, ana jeranta namiji da mace, ana yi wa kowa tambaya cikin harshen da ya zaɓa. Kuskuren awo na irin wannan adadi kimanin maki 3 ne sama ko ƙasa. To, da yake Damagaram kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta jama'ar ƙasa, rabonta bai wuce mutum 250 ko kusa da haka ba, kuskuren awo kuma ya haura maki 6. In aka ware matasa kaɗai, ya ƙara faɗi. Bugu da ƙari, sai wanda ya cika shekara 18 ake tambaya. Tsarin U-Report na UNICEF, wanda aka fara a Uganda a 2011, yana aika tambayoyi ta saƙon waya. Yana da sauri da araha, amma mai waya kuma mai karatun boko ne ke amsawa, kuma shi ya kawo kansa.

3. Daga tambaya zuwa rahoto

3.1. Wurin magana

William Labov ya nuna a 1969 cewa yaron Harlem da ke amsa wa babba da kalma ɗaya-ɗaya, har a zaci bai iya magana ba, yakan ɓarke da zance in mai tambayar ya zauna ƙasa, ya kawo abin taɓawa, ya gayyato abokin yaron. Yaron bai sauya ba, wurin maganar ne ya sauya. A ƙasar Hausa abin ya fi ƙarfi, domin kunya da ladabi suna cikin halayen mutumin kirki da Kirk-Greene ya lissafa a 1974. Yaro ba ya musu da babba a gaban mutane, budurwa ba ta sakin baki gaban baƙon namiji. Idan an yi hira a zauren mai unguwa, dattawa na zaune, amsar zaure za a samu. A fada ma akwai shugaba da manya da ƙanana, kuma wanda ke dafa shayin sau da yawa ba ya tsoma baki.

Akwai kuma abin da mai amsa ke zato game da mai tambaya. Baƙo da mota da takarda ko dai gwamnati ce ko furoje, wato ko abin tsoro ko abin sa rai. Afrobarometer ta san da haka, shi ya sa a ƙarshen hira take tambayar mutum wa yake jin ya aiko masu binciken.

3.2. Fassarar tambaya

Yawanci da Faransanci ake tsara takardar tambayoyi. In ba a rubuta fassarar Hausa guda ba, kowane mai tambaya zai yi tasa a tsaye. Dubi waɗannan hanyoyi uku na juya Avez-vous un emploi ?:

(1) Kana da aiki?
(2) Kana da sana'a?
(3) Da me kake samun na kashewa?

Saurayin da ke kabu-kabu ko sayar da man fetur a kwalba zai iya amsa (1) da a'a, domin aiki a wurinsa shi ne na albashi. Zai iya yin jinkiri a (2), domin sana'a ta fi kama da ɗinki ko ƙira ko gini, abin da aka koya. A (3) ne kawai zai ba da bayani. Mutum ɗaya ya zama marar aiki ko mai aiki gwargwadon wanda ya tambaye shi. Haka kalmar violence take rarrabuwa zuwa faɗa, duka, rikici, ta'adi, cin zali, tashin hankali, kuma kowace da nauyinta: faɗa tsakanin tsara ne, cin zali daga mai ƙarfi yake zuwa kan marar ƙarfi. L'État da le gouvernement kuwa duka gwamnati ne a maganar yau da kullum, saboda haka tambayar amincewa da ɗaya takan koma tambaya kan ɗayan.

3.3. Fassarar amsa

A kan hanyar komawa, ana cusa amsa cikin gurabe huɗu ko biyar, daga tout à fait d'accord zuwa pas du tout d'accord. Ga irin amsoshin da kowa ya sani:

(4) To.
(5) Ba laifi.
(6) Da sauƙi.
(7) Sai abin da kuka ce.
(8) Allah ya sa.

A (4) mai magana ya nuna saƙo ya iso, bai ce ya yarda ba, kuma tsawon wasalin da karin muryar ne ke rarrabe yarda da shakka, abin da takarda ba ta ɗauka. (5) na iya zama yabo matsakaici ko rufin asiri. (6) amsa ce da ake bayarwa ko a bakin gadon marar lafiya mai jin jiki. (7) miƙa wuya ne ga babba. (8) addu'a ce da kan ɗauki shakka a cikinta. Mai cika takarda da ke sauri zai iya sa dukansu a plutôt d'accord.

Abu na biyu ya shafi nahawu. Suka a Hausa takan fake a bayan wakilin suna marar fayyace mai aiki (impersonnel: a, an, ana, aka), da kalmar wai, da jam'i:

(9) Ana cewa wai sai kana da wani a sama kake samun aiki.
(10) Mu dai ba a tambayar mu.

Wanda ya faɗi (9) galibi ra'ayinsa ya faɗa, ya dai janye kansa daga alhakin maganar. A (10) an ɓoye wanda ake zargi, an kuma mayar da ni ta zama mu. Idan ƙa'idar bincike ita ce a rubuta abin da mutum ya ce shi da kansa yake gani, to (9) za ta tafi a matsayin jita-jita. Haka karin magana da habaici da shiru suke salwanta. Sakamakon shi ne rahoto ya nuna matasa sun fi yarda da halin da ake ciki fiye da yadda suke. Wannan ya ƙara ƙarfafa sukar da Bourdieu ya yi wa ƙidayar ra'ayi a 1973, cewa tana ɗauka kowa yana da amsa a shirye, kuma kowa ya yarda tambayar da aka yi ita ce ta cancanta.

4. Tattarawa da ji

Aikatau ji yana ɗauke da ma'anoni da Faransanci ya rarraba:

(11) Na ji ƙara. (entendre)
(12) Yana jin Hausa. (comprendre)
(13) Ina jin yunwa. (sentir)
(14) Yaron nan yana jin magana. (obéir)

Tsakanin babba da yaro, ma'ana ta (14) ƙasa kawai take gangarowa: yaro ne ke jin magana. Idan babba ya ce wa matasa «to, mun ji», ma'ana ta (11) ce tabbatacciya, kuma sau da yawa jimlar rufe zance take yi. Saboda haka in hukuma ta ce ta ji ra'ayin matasa, ya kamata a tambaya wace ma'ana take nufi.

Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne dawowar magana. An ji mutum idan amsa ta dawo masa: ga abin da kuka ce, ga abin da za a yi, ga abin da ba za a yi ba da dalilinsa. Da wannan ma'auni, kulob na rediyo ya fi rahoton da aka rubuta da Faransanci aka ajiye a Yamai, ko da rahoton ya fi shi ƙa'idar lissafi. Hanyoyin da muka gani a sashe na 2 kowace da rabonta: samariya ta tara jama'a ba ta saurara sosai ba, USN an saurare ta amma wakilcinta taƙaitacce ne, ƙidaya tana da wakilci amma tana daddatsa magana, fada tana da magana cikakkiya amma ba ta da ƙofar da za ta kai ta sama. Idan tambaya ta yawaita ba amsa, mutane sukan gaji, su koyi ba baƙo abin da yake son ji, kuma wannan yana ɓata binciken da zai zo a baya.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ga abubuwan da suka kamaci duk mai binciken ra'ayin matasa a Damagaram:

a) Ya fayyace wa yake nufi da matasa, ya nemi matan aure ƙanana a gidajensu ta hannun mata masu tambaya, ya nemi almajirai a makarantunsu.

b) Ya rubuta takardar tambayoyi da Hausa tun farko, ko ya sa wani ya mayar da fassarar zuwa Faransanci ba tare da ganin asalin ba, a gwada su biyun, sa'an nan a jarraba ta a unguwa kafin a fara.

c) Ya ɗauki murya da izinin mai ita, ya rubuta amsa da kalmominta kafin ya sa ta a gurbi, ya kuma rubuta wurin hira da waɗanda ke zaune.

d) Ya bar wa matasa damar kawo tasu tambayar.

e) Ya mayar da sakamako inda ya ɗauko shi, da Hausa, a rediyo ko a fada.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ƙara dalilin neman a riƙa tsara bincike da bayar da sakamakonsa cikin Hausa. Aikin da ya rataya a kan sashenmu shi ne tara hirarrakin matasa na gaskiya daga wurare dabam-dabam, zaure da fada da cikin gida da filin rediyo, a rubuta su da alamun karin sauti, a nazarci yadda ake nuna yarda da ƙi da shakka a kowane wuri. Daga nan ne za a iya tsara ƙamus na kalmomin bincike, Hausa da Faransanci, wanda masu ilimin zamantakewa za su dogara da shi. Ɗalibai masu neman batun kundin digiri suna da fili a nan.